Yaron da Ba Shi da Ƙiwa

Da aka raba mu garuruwa domin gwajin koyarwa, mu uku rabonmu ya faɗa Gagarawa Tasha, cikin ƙasar Gumel. Ga waɗanda ba su san wurin ba, gari ne da ya tsiro a gefen hanyar jirgin ƙasa wadda aka shimfiɗa daga Kano zuwa Nguru, aka gama ta cikin 1930. A dā gyaɗa ce ta tara mutane a nan, yanzu kuwa riɗi da gero da wake su ne abin magana. Malam Edita ya ce kowace ƙungiya ta rubuto abin da ta koyo. 'Yan'uwanmu za su ba da labarin allo da alli da tsarin darasi, sun kuwa fi mu iyawa. Mu dai abin da muka koyo wani yaro ne ya koya mana, shi kuwa bai san ya yi ba. Ba za mu faɗi sunansa ba, gama yana nan da ransa, wata rana kuma zai iya karatu.

Ran da muka isa, mota ta sauke mu, muna tsaye da akwatunanmu, yara sun yi cirko-cirko daga nesa suna kallonmu yadda su kan yi wa baƙo. Sai wani ɗan ƙanƙane ya ratso su, ya zo ya kama hannun ɗayanmu, ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Ina tsarabata?" Muka yi dariya, muka ce lalle mun shigo garin nan da ƙafar dama. Shi ya raka mu masauki, ya hau tabarma ya zauna a tsakiyarmu sai ka ce a gidanmu aka haife shi. Wanshekare muka same shi a aji biyu. Mun ɗauka shekararsa biyar ko shida, ashe ya kusa takwas.

Mako biyu muna alfahari da shi. Kowannenmu a ransa yana cewa shi ne yaron ya fi so, kowanne kuma yana ganin wannan shaida ce ta cewa an haife shi domin malanta. In muka fita masallaci yana gefenmu, in muka zauna cin abinci yana nan. Akwai dai abubuwan da muka gani ba mu kula ba. Ba ya iya zama wuri guda ko da na minti biyar ne. In an ba shi ƙosai sai ya ci rabi ya cusa rabi a aljihu, ko da ya ƙoshi. In ya gaji ya kan zauna shi kaɗai yana rausaya jikinsa gaba da baya. Wata rana kuma ya faɗi a filin wasa, gwiwarsa ta daye, jini na zuba, bai yi kuka ba, bai nemi kowa ba; ya tashi ya tafi bayan aji ya zauna. Muka ce, "Kai, yaron nan jarumi ne!"

Ran wata Alhamis aka neme shi aka rasa. Ranar kasuwar Maigatari ce, motoci na ta wucewa. Sai bayan la'asar wani direba, Allah Ya saka masa da alheri, ya komo da shi, ya ce yaron ya kama hannunsa a bakin hanya yana ce masa Baba, ya hau mota, shi ya zaci ɗan ɗaya daga cikin fasinjojinsa ne, sai da aka yi nisa kowa ya ce ba nasa ba ne. Yaron ya sauko yana murmushi, ba alamar tsoro ko kaɗan. A nan jikinmu ya fara sanyi. Ashe Baban da ya ke kiranmu shi ya ke kiran kowa.

Da dare muka tafi gaida matar da ke riƙonsa, ƙanwar ubansa ce. Muka tsaya a zaure, ta zo bayan ƙofa ta durƙusa, muka gaisa. Ta ce uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa a wani birni, uban ya tafi ci-rani ba a san inda ya ke ba, aka kai jaririn wani gidan marayu. Sai da ya wuce shekara huɗu labari ya iso mata, ta sayar da akuyoyinta ta je ta karɓo shi. Muka ce, "Gwaggo, ko sun wulakanta shi ne a can?" Ta ce, "A'a, Malam, ba zan ɗauki alhakinsu ba. Na same shi da riga mai tsabta da gadonsa shi kaɗai, abin da ni ba ni da shi. Amma na tambaya wa ke riƙonsa in yi mata godiya, aka ce mini su da yawa ne, masu safe dabam, masu dare dabam." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Shekara uku ke nan yana ɗakina. Ko sau ɗaya bai taɓa yi mini ƙiwa ba. In na tafi unguwa ba ya kuka, in na komo ba ya tarona. 'Ya'yana na cikina sun ishe ni da ƙiwa har ina zaginsu, yau ga ni ina roƙon Allah Ya sa wa wannan."

Maganar nan ta tsaya mana a rai. Kowa ya san ƙiwa: jariri ya kai watanni bakwai ko takwas, wajen lokacin rarrafe, sai ya fara ƙin zuwa hannun baƙo, ya lafe a jikin uwarsa. Mata su kan ɗauke ta aibi, su yabi yaron da ke zuwa wurin kowa. Ba mu taɓa tunanin cewa ƙiwa shaida ce ta wani abu da ya ƙullu ba, watau yaro ya rarrabe mutum guda daga cikin mutanen duniya ya ce wannan nawa ne. Da muka komo Kwaleji hutun tsakiyar zango muka kai maganar wurin malaminmu na ilmin halin yara. Ya ce Gwaggo ta riga mu karatu, ya tura mu ɗakin littattafai. Ga abin da muka samo a taƙaice.

Cikin 1945 wani likita, Rene Spitz, ya gwada gidaje biyu na renon jarirai. Ɗaya gidan tsintattu ne, mai tsabta da abinci da likitoci, amma mai reno guda tana kula da jarirai takwas ko fiye. Ɗayan kuwa a cikin kurkukun mata ya ke, inda kowace fursuna ke renon ɗanta. 'Ya'yan fursunoni suka yi ta girma lafiya. Na gidan tsabta suka koma baya, suka daina kuka, suka daina wasa, fiye da kashi ɗaya cikin uku suka mutu kafin shekara biyu. Cikin 1951 John Bowlby na Ingila ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto, inda ya nuna cewa ƙaramin yaro yana bukatar shaƙuwa mai ɗorewa da uwa, ko da wadda ta tsaya a matsayinta, kamar yadda ya ke bukatar abinci.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne na Anna Freud da abokan aikinta, waɗanda suka riƙe gidajen reno a Hampstead ta Landan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da fari kowace ma'aikaciya tana kula da kowane yaro, gida lami lafiya, ba hayaniya. Sai suka raba yaran ƙungiya-ƙungiya, huɗu ko biyar, kowace ƙungiya da uwarta guda mai yi musu wanka da sa tufafi. Nan da nan gida ya rikice da kuka da kishi, kowane yaro na cewa tasa ce, ba ya yarda wata ta taɓa shi. Amma bayan 'yan makonni hankalinsu ya kwanta, bakinsu ya buɗe, waɗanda suka ƙi koyon tsarki suka koya. Ka ga ke nan shirun farko ba lafiya ba ne. Mu da za mu zama malamai, aka kuma hore mu da son aji mai shiru, ya kamata mu ajiye wannan a wuri mai kyau.

Babbar shaida kuwa daga Rumaniya ta fito. Cikin 1966 gwamnatin Ceausescu ta kafa dokar tilasta yawan haihuwa, talakawa suka haifi abin da ba su iya ciyarwa, hukuma ta ce a kawo mata. Da mulkinsa ya faɗi cikin Disamba 1989 aka tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen gwamnati. Daga shekara ta 2000 wasu masana uku na Amurka, Nelson da Fox da Zeanah, suka ɗauki yara 136 daga gidaje shida na birnin Bukarest, masu watanni 6 zuwa 31. Aka jefa ƙuri'a, rabi aka kai su riƙo a gidajen mutane, rabi suka zauna inda su ke. (Mun yi gardama ƙwarai a kan ƙuri'ar nan, ɗayanmu har yanzu bai yafe musu ba, ko da ya ke a lokacin kusan babu tsarin riƙo a birnin sai wanda su suka kafa.) Da yaran suka kai shekara uku da rabi aka gwada shaƙuwarsu. Yadda a ke yi shi ne mai riƙon yaro ta fita ta bar shi ɗan lokaci, a ga yadda zai karɓe ta in ta komo, ko zai nufe ta ya sami natsuwa. Cikin waɗanda suka zauna gidan gwamnati, 18 bisa ɗari ne suka nuna shaƙuwa mai ƙarfi. Cikin waɗanda aka kai riƙo, 49. Cikin yaran gari da ba su taɓa barin iyayensu ba, 65. A gwajin kaifin hankali suna da shekara huɗu da rabi, makinsu ya kama 73 da 81 da 109 bi da bi. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su suka fi farfaɗowa. Sun kuma ambaci halin nan na bin kowane baƙo ba tare da waiwaye ba, suka ce yana daga cikin abubuwan da suka fi daɗewa ba su warke ba. Da muka karanta wurin nan sai muka dubi juna. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, namu kuwa ya wuce huɗu kafin a zo ɗaukarsa.

Kada wani ya ce wannan al'amarin Turai ne. Tun zamanin Gwamna Lugga an yi gidan renon 'ya'yan bayin da aka 'yanta a Zungeru, har 1909 da aka rufe shi aka mai da yaran hannun 'yan mishan a Rumasha. A yau ma akwai gidajen marayu a manyan biranenmu, na hukuma da na masu neman lada, a kan kai musu buhunan shinkafa da azumi a ɗauki hoto. Ba mu raina wannan ba, yunwa ba abin wasa ba ce. Amma ba mu taɓa jin mai kai sadaka ya tambayi hannu nawa ke ɗaukar jariri guda a mako ba. Cikin 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin da suka ce yaron da bai kai shekara uku ba a rene shi cikin iyali. Mu da muka bi ta zauren malamai mun san Risala ta riga ta jera masu haƙƙin reno, daga uwa sai kaka sai 'yar'uwar uwa, har a gangara. Mutum a ke ambata, ɗaya bayan ɗaya.

To, a nan wani zai tare mu ya ce, "Ai Bahaushe bai taɓa barin ɗa ga uwa ita kaɗai ba. Ɗa na kowa ne. Ga kunyar ɗan fari, ga yaye a ɗakin kaka, ga riƙo, ga 'yar goyo. Duk mun lalace ke nan?" Mu ma mun yi wa kanmu tambayar nan. Mary Ainsworth, abokiyar aikin Bowlby, ta zauna kusa da Kampala ta Yuganda cikin 1954 da 1955 tana ziyartar gidaje 26, inda hannuwa da yawa ke ɗaukar jariri kamar namu. Ta ga yawan hannu bai hana yaro ya san nasa ba: ya kan rarrafa ya tafi yawonsa, in ya tsorata ya komo wurin wadda ya sani. A ganinmu bambancin a nan ya ke. Hannuwan gida suna da yawa amma ba su canzawa. Kakar jiya ita ce ta yau, ita ce ta baɗi. Hannuwan gidan taro kuwa agogo ke kawo su, agogo ke ɗauke su, in an yi canjin wurin aiki su tafi ke nan. Ɗa na kowa ne, gaskiya, amma sai ya zama na wani tukuna.

Akwai kuma wata magana wadda ta fi wuyar faɗi, gama ta shafe mu. Mu ukun nan babu wanda ya cika shekara takwas a ɗakin uwarsa. Dukanmu an ba da mu ga malamai muka yi gabas da allo da akushi, bayan sauka kuma aka kai mu makarantar kwana, irin wadda kakanninmu ke ce wa midil. Ba za mu zagi tsangaya ba, ita ta ba mu abin da ke ƙirjinmu. Ba kuma daidai ba ne a ɗauki sakamakon jariran Bukarest a ɗora wa almajiri, domin wanda ya bar gida da shekara bakwai ya tafi da uwarsa a cikin zuciya. Ya san muryar da zai tuna in dare ya yi. Amma da muka zauna muna tuna baya, sai muka ga kowannenmu ya nemo wa kansa wani a can. Mai riƙe da alƙalamin nan, uwar ɗakinsa ce, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ya ke yi wa ɗiban ruwa. Ita kaɗai a garin ta san ba ya cin kuɓewa. Da ya yi zazzaɓi ita ta aika a ɗauko shi daga rumfa ta kwantar da shi a ɗakinta kwana shida. Na biyunmu wani gardi ne ya riƙe shi kamar ƙane. Na ukunmu ya yi shiru, da muka matsa masa ya ce shi bai sami kowa ba, malaminsu ɗaya ne almajirai sun fi sittin, kuma har yau in ya je gida ba ya sanin abin da zai ce wa mahaifiyarsa bayan gaisuwa. Shekara biyu muna ɗaki ɗaya da shi ba mu san wannan ba.

Saboda haka abin da ke damunmu shi ne ƙolon da a ke kawowa yana da shekara huɗu ko biyar, wanda ko wankin kansa bai iya ba. Cikin 2012 an buɗe makarantar kwana ta almajirai a Gagi ta Sakkwato, aka gina irinta a wurare da dama. Cikin 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta mai da almajirai jihohinsu a cikin motoci, Jigawa ta karɓi nata. Cikin 2023 kuma aka kafa hukumar tarayya domin ilminsu. Duk inda a ke shawarar nan muna jin maganar gini da gado da manhaja da abinci. Mu da muka kwana a rumfa muka kuma kwana a ɗakin kwano, tambayarmu ita ce, in yaro ya farka tsakar dare yana kuka, sunan wa zai kira, kuma mai sunan zai kasance nan baɗi?

Da muka koma Tasha muka zayyana wa Hedimasta karatunmu, da lissafinsa da sunayen Turawansa. Dattijo ne, ya yi shekara talatin da alli a hannu. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce, "Samari, saura mako nawa ku tafi?" Muka ce, "Biyar, Allah Ya gafarta Malam." Ya ce, "To, ku ma masu safe ne, masu dare na nan tafe." Wallahi ba mu taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mun je da niyyar mu ƙara jawo yaron a jiki, mu zama maganinsa, ashe mu ma muna cikin cutar. Ya ce kada mu kore shi, kada kuma mu ɗauke shi. In ya ce Baba, mu ce masa sunanmu Malam. In ya kawo mana abin da ya rubuta, mu yaba, mu ce ya kai wa Gwaggo ta gani. In ya ji ciwo, ɗayanmu ya kama hannunsa har gida ya miƙa mata, ita ta wanke, ita ta ɗaure. Cin abinci a masaukinmu kuwa ya ƙare. Hedimasta ya kuma ce zai bar malamar aji biyu ta hau aji uku tare da yaran, ko da ya ke ba haka aka saba ba. Mun ga hikimar wannan, muna kuma roƙon malamanmu su duba ko ya dace ƙananan azuzuwa su riƙa canza malami kowace shekara.

Abin ya yi mana wuya fiye da yadda muka zata. Yaro ya zo da gudu ya rungume ka, kai kuwa ka juya shi ka nuna masa hanyar gida. Sai ka ji kamar kai ne azzalumin garin. Shi kuwa bai nuna ya damu ba, ya koma bin mai sayar da rake. Gwaggo ta ce ita ma Hedimasta ya aika mata da nata: ta daina tura shi kwana ɗakin samari, ta riƙa ba shi abinci da hannunta, ta gaya masa duk inda za ta da lokacin da za ta komo, ta kuma cika.

Ran da za mu taso yaran aji suka rako mu bakin hanya, wasu har da hawaye. Shi bai zo ba. Muka aika a dubo, aka ce yana gida, Gwaggo ba ta jin daɗi, yana zaune a bakin ƙofarta ya ƙi tashi. Ba mu sani ba ko mu yi murna ko mu ji haushi, muka hau mota.

Makon jiya takardar Hedimasta ta iso. Ya ce masu rigakafi sun shiga gidan, yaron ya ruga ya ɓuya a bayan Gwaggo ya riƙe zanenta, har ta fito tana gaya wa maƙwabta. Ya ce kuma bayan kwana goma an sake tsinto shi a bakin hanya, ya kama hannun wani mai sayen riɗi, yana tambayarsa tsaraba. Karatunsa yana nan baya, amma ya fara haɗa baƙi. Zango mai zuwa za a tura wasu daga cikinku Tasha. Shi zai fara tarbarku, zai kuma ce muku Baba.